Yadda za ka ɓoye ajiyarka ta farko a Damagaram da yardar masu wuri

Wasan geocaching, wanda ni nake kira farautar ajiya, ba shi da wuyar ganewa. Mutum ya ɓoye ɗan gwangwani da takarda a ciki, ya ɗauki lambobin wurin da GPS, ya ɗora a intanet. Wani ya bi lambobin da wayarsa har ya gano shi, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar yadda ya tarar. Abin ya soma ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS ta farar hula. Ranar 3 ga watan wani mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a dajin jihar Oregon, yau kuwa ajiyoyin sun haura miliyan 3 a duniya.

Da fari masu kula da gandun daji a can ba su yi maraba da wasan ba, don tsoron a tattake musu tsirrai. Har yanzu a manyan gandayen tarayyar Amurka sai da izinin shugaban gandu ake ajiye wani abu. Amma jihohi irin su Teksas da Jojiya sun gane hanya ce ta jawo matasa, har hukumomin gandayensu suka shiga ɓoye ajiya da kansu. Mu a nan daga wannan darasin ya kamata mu fara.

Da farko zaɓi wurin da kake so baƙo ya gani: duwatsun da suka yi wa Birni ƙawanya, lambunan Mirya, ko bakin tafkin Gidimuni. Ka nisanci barikin soja, jandarmeri, filin jirgi, makarantu da maƙabarta. Masallaci da fadar Mai Martaba ma a bar su da darajarsu.

Sai babban aikin, wato neman izini, kuma a nan nake roƙon kada a yi gaggawa. A garinmu abin da aka cusa a ƙarƙashin dutse fassara biyu gare shi, ko asiri ko abin fashewa, kuma duka biyun suna iya kai ka inda ba ka so. Idan cikin gari ne, fara da mai unguwa, sannan ofishin magajin gari. Idan gona ce ko lambu, mai shi za ka gani. Idan daji ne ko bakin tafki, je wurin ma'aikatan gandun daji. Tafi da gwangwanin a hannunka, ka buɗe shi a gabansu. Bayan gaisuwa kana iya cewa: "Ranka ya daɗe, wasa ne na nuna wa mutane wurare. Ga abin da ke ciki, ba za mu haƙa rami ba, ba za mu taɓa itace ba, duk ranar da kuka ce a ɗauke zan ɗauke." Ka nemi su ba ka amincewar a rubuce, ka kuma tambaye su inda su suke ganin ya dace. Sun fi ka sanin inda tsuntsaye ke ƙwai da inda aka dasa sababbin itatuwa. Wanda ka bar wa zaɓin wuri kuwa, shi zai riƙa tsare maka ajiyar.

Gwangwanin ya kasance na roba mai haske, wanda ake hango cikinsa, mai murfin da ke rufuwa gam saboda ƙurar hunturu da ruwan damina. Rubuta a jikinsa da Hausa da Faransanci cewa kayan wasa ne, ba shi da haɗari. A ciki sa ɗan littafi da fensir, domin biro bushewa yake da zafin bazara. Kada ka sa abinci, tururuwa za su riga kowa zuwa. Ban da wuƙa, ashana da magani.

Wajen ɓoyewa, dokar Geocaching.com, shafin intanet da ake ɗora ajiyoyi, ta hana binnewa, ta kuma ce a bar tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya. Nemi inuwa, amma ka tuna mai nema hannu zai zura. Tsagar dutse mai zurfi gidan kunama ne da maciji, don haka ajiye inda ido ke gani kafin hannu ya kai.

Yanzu ɗauki lambobin. Damagaram tana wajen digiri 13 da minti 48 arewa, digiri 8 da minti 59 gabas. In a cikin gari kake, ka ga naka sun yi nisa da haka, akwai kuskure. Tsaya a wurin kamar minti biyu, ɗauka, yi nisa ka dawo, sake ɗauka har sau uku, domin manyan duwatsu suna rikita sigina. Daga nan buɗe rajista a shafin, rubuta labarin wurin da sunan ofishin da ya ba ka izini. Akwai masu aikin sa kai da ke dubawa kafin a wallafa.

Idan ma'aikatan sun ce ba a barin komai a wurin, kada ka ja da su. Tun 2004 akwai nau'in da ake kira EarthCache, wanda babu gwangwani sam: mai nema zai je ya duba dutse ko ƙasa, ya amsa tambayoyin da ka tsara. A ganina wannan ne ya fi dacewa da wuri irin gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012 don kare barewa da sauran namun sahara, kuma ba a shigarsa sai da sanin hukuma da ɗan jagora.

Bayan an wallafa, ajiyar amanarka ce. Leƙa ta bayan ruwan farko da kuma ƙarshen damina, canza littafin in ya jiƙe. Duk zuwa ka riƙe buhu ka tsince ledojin da ke wurin, sannan ka biya ta ofishin gandun daji ka gaya musu mutum nawa suka sa hannu.