Kurakuran da masu sayen manyan babura ke yi in tafiyar ta goyo ce

Duk wanda ya zo neman shawara a kan babban babur, tambayarsa ɗaya ce: sisi (cc, ma'aunin girman inji) nawa ne injin? Injin kuwa shi ne abin da ya fi ƙarancin ba da matsala. Babur ɗin da ya kai sisi 1,000 zai ja mutum biyu da kayansu daga Kano zuwa Maiduguri ba tare da ya yi nishi ba. Inda ake faɗuwa daban ne, kuma kullum wuri ɗaya ne.

Babban kuskuren shi ne rashin lissafin nauyi. Mutane sun ɗauka girman babur shi ne yawan abin da zai ɗauka, alhali ba haka ba ne. Honda Gold Wing Tour ya doshi kilo 390, injinsa sisi 1,833 mai silinda shida, amma abin da kamfanin ya yarda a ɗora masa wajen kilo 200 ne kawai. BMW R 1250 GS kuwa kilo 249 ne da mai a tanki, iyakar nauyinsa gaba ɗaya kilo 465, wato yana ɗaukar kilo 216. Ƙaramin ya fi babban ɗauka ke nan. R 1250 RT kilo 279 ne, iyakarsa 505, saura 226.

To zauna ka yi lissafi da biro. A ce kai kilo 85 ne, maiɗakinka kilo 70. Hulunan kwano biyu, riguna masu kariya da takalma sun ci kilo 12. Akwatunan ƙarfe uku, ba komai a cikinsu, wajen kilo 18. Tufafi da tarkace kilo 25, ruwan sha da kayan gyara da ƙarafan kariyar inji kilo 10. An kai 220, ka riga ka wuce iyakar GS tun ba ka saya wa kowa tsaraba ba. Wannan iyaka tana rubuce a littafin babur. Ba a karantawa ne kawai, sai tayar baya ta yi zafi ta fashe a ce tsautsayi ne. Ni dai abin da nake yi, ma'aunin nauyi na gida nake ajiyewa, kowace jaka sai ta hau shi kafin ta hau babur. Kaya masu nauyi su tafi ƙasan akwatunan gefe, dama da hagu daidai wa daida. Akwatin baya na sama yawanci kilo 5 zuwa 10 aka yarda masa, don yana bayan tayar baya, duk abin da ka zuba masa yana ɗaga gaban babur. Wurin rigar ruwa ne da safar hannu. Masu cusa galan ɗin fetur a ciki su ji tsoron Allah, akwai rai a zaune jikin akwatin nan.

Abokin wannan kuskure shi ne barin shokoziba yadda take. An saita ta ne don mutum ɗaya. Da fasinja ya zauna sai baya ya nutse, gaba ya yi sako-sako, fitila ta koma haska idon masu tahowa, a kwana kuma babur ya riƙa buɗewa waje. In aka kai gudun kilomita 120 sai ka ji kan babur yana rawa. Gyaran bai fi minti goma ba. Ɗaga tayar baya ta bar ƙasa, auna daga tsakiyarta zuwa wata alama da ka yi a sama, a jikin wutsiyar babur. Sauke shi, ku hau ku biyu da kayan duka, wani ya sake aunawa. Bambancin ya zama kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar shokoziba. A GS, wadda ta bayanta ke tafiyar milimita 200, ana neman 60 zuwa 70. In ya wuce, ƙara matse sifirin da abin murɗawar da ke gefe. Gold Wing Tour da maɓalli ake yi, akwai hoton mutum biyu da kaya, amma sai ka ga mai shi ya shekara bai taɓa danna shi ba. Iskar taya ma a duba ta da sassafe kafin taya ta ɗumi. Yawancin waɗannan babura suna son wajen psi 36 a gaba, 41 ko 42 a baya a ma'aunin iska. Ka sayi ma'aunin iska naka, na mai faci ba abin dogaro ba ne.

Kuskure na biyu da ke cin kuɗi shi ne sayen babur don hanyar da ba za ka bi ba. Gold Wing da BMW K 1600 GTL ba su da na biyu wajen jin daɗin fasinja: kujera mai faɗi, majingina, gilashin da ke tare iska. Sai dai an ƙera su ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Tsakanin cikin Gold Wing da ƙasa milimita 130 ne, da goyo kuma ya ragu. Tudun rage gudu na cikin garuruwan da ke bakin hanya zai riƙa dukansa, in kuma aka karkatar da ku kan burji ko yashi, kilo 600 kake riƙewa da ƙafa biyu. Honda Africa Twin yana da milimita 250 tsakanin cikinsa da ƙasa, da tayar gaba inci 21, rami ba ya firgita shi, amma kujerar bayansa ba ta kai ta waɗancan ba, kuma da sarƙa yake tafiya. Yamaha Super Ténéré, wanda ya ci sunan hamadar da ke Nijar, yana tsakiya: sisi 1,199, tanki lita 23, tayar gaba inci 19, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya maimakon sarƙa. Ga hanyar da ta haɗa kwalta mai kyau da mai ramuka, irinsa ko GS nake zaɓa. Sai dai a duba tsayi. Kujerar GS Adventure milimita 890 ce, ta Gold Wing 745. In tafin ƙafarka bai zauna a ƙasa sosai ba, lita 30 na tankin GS Adventure ba zai hana ku kifewa a gidan mai ba.

Kuma don Allah, wane irin ciniki ne za a kashe miliyoyi wadda za ta zauna a baya ba ta taɓa hawa ba? Ku gwada tare, aƙalla awa ɗaya. Minti goma kowace kujera daɗi gare ta. A duba ko gwiwarta ta lanƙwashe da yawa, ko salansa na gasa mata ƙafa, ko iskar da ta tsallake kanka tana kaɗa mata hular kwano, ko hannunta na kai wa ƙarfen riƙewa. In zani ko doguwar riga ce, a tattare ta tsaf, gefen mayafi kuma a cusa shi cikin rigar kariya, domin tayar baya ba ta barin abin da ya kama.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Sarƙa a shafa mata mai duk kilomita 500 ko kusa da haka, a lokacin ƙurar hunturu ma kafin nan. Babur na hannu, duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, wadda ta haura shekara biyar ko shida a canza ta ko da zanenta bai cinye ba. Man 'yan bumburutu a tace shi kafin ya shiga tanki. Birki a fara shi da wuri, a haɗa da na baya, don nauyin goyo yana ƙara nisan tsayawa. A tsaya duk awa ɗaya da rabi, ko ita ba ta ce ta gaji ba.

Hawa da sauka ma da ƙa'ida. Kai za ka fara hawa, ƙafafu biyu a ƙasa, birkin gaba a matse, sannan ka ce mata bismillah. Ta taka matakin hagu, ta dafa kafaɗarka, ta tsallaka. In an tsaya a danja ƙafafunta su zauna a kan mataki, kuma kada ta sauka sai ka ce ka shirya.