Ga masu buga littafin zane kwafi ɗaya-ɗaya

'Yan uwa, kafin ku tura littafin zanenku ko na hotuna gaba ɗaya, ku fara buga ɗan siriri na gwaji.

A Amazon KDP, dandalin buga littattafai na kamfanin Amazon, shafi 24 ya isa.

Zaɓi hoto ɗaya mai duhu, ka maimaita shi a shafuka biyar, kowanne ka ƙara masa haske kaɗan, ka rubuta lambarsa a ƙasa.

Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa shan tawada take. Ni shuɗin rinin da na zana, baƙi ƙirin ya fito.

In littafin ya iso, duba shi da rana a bakin taga, ka ɗauki lambar shafin da haskensa ya yi daidai, ka gyara sauran hotunan da irin wannan hasken.

Amma in ka sauya takarda, ko wata maɗaba'ar ta buga, sai ka sake gwajin.