Kurakuran da aka fi yi wajen auna kuromiyam a ruwan masana'antun fata

Duk wanda ya taɓa ɗibar ruwa a magudanan masana'antun fata na Sharaɗa ko Challawa a Kano ya san launin nan, shuɗi mai sirkin kore. Kuromiyam ne, wani ƙarfe da ake jima da sinadarinsa. Ɗalibai da yawa suna aikin kammala karatu a kansa, kuma wuraren da suke tuntuɓe ba su cika canzawa ba.

Na farko, a sa ruwan a na'urar AAS mai auna yawan ƙarfe a ruwa, a samu lamba guda, a ce an gama. Ai kuromiyam a ruwa iri biyu ne. Cr(III) shi ake jima da shi, gubarsa da sauƙi, kuma yana saurin kwanciya. Cr(VI) kuwa yana jawo ciwon daji, yana bin ruwa duk inda ya nufa. AAS jimillar biyun kawai take bayarwa. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ma, miligiram 0.05 a lita ta ruwan sha, ta jimilla ce. Mai neman Cr(VI) sai ya yi gwajin diphenylcarbazide: in yana ciki, ruwan zai koma ja mai shunayya, a karanta ƙarfin launin da haske mai tsawon zango nanomita 540.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici tun bakin magudana ake yinsa. An koya wa kowa cewa samfurin ƙarfe sai an ɗiga masa asid ɗin naitirik har pH, wato ma'aunin tsami, ya sauka ƙasa da 2. Gaskiya ne, amma don jimilla. Ruwan fata cike yake da kitse, gashi da guntayen nama, kuma cikin tsami waɗannan suna mayar da Cr(VI) ya zama Cr(III). Kafin a isa ɗakin gwaji abin da aka je nema ya ɓace, ɗalibi ya rubuta "babu" da murnarsa. Maganin kwalba biyu ne, na roba, waɗanda aka jiƙa a asid aka ɗauraye. Ɗaya a sa mata asid. Ɗayar a ɗaga pH ɗinta ya haura 9 kaɗan, a ajiye a ƙanƙara, a auna da wuri. In narkakken ƙarfe ake so, a tace da matata mai ƙofofi masu faɗin mikiron 0.45 kafin asid, don in asid ya riga, har abin da ke manne da laka zai narke ya shiga lissafi.

Wajen ƙwato ƙarfen kuma, zarin hannu ne matsalar. Cr(III) yana kwanciya ya zama laka in an ɗaga pH da soda zuwa 8 ko 9. Wasu suna ganin ƙarin soda ƙarin nasara ne, alhali in ta yi yawa lakar sake narkewa take yi. Magnesium oxide ya fi soda aiki a hankali, lakarsa kuma ta fi ƙarfi. Cr(VI) ba ya kwanciya ko nawa aka zuba. Sai an sauke pH zuwa 2 ko 3, an sa sodium metabisulfite, ruwan ya tashi daga rawaya ya koma kore, sannan a ɗaga pH.

Lakar kuma kada a ƙona ta, musamman in akwai farar ƙasa a ciki, domin zafi da iska suna mayar da ita Cr(VI). A narkar da ita da asid ɗin salfurik, a maida ta gangar jima.