Yadda Za Ka Auna "Ba Zan Iya Ba" Kafin Ka Yarda Da Ita

"Ba ni da jari." "A garin nan sai kana da hanya." "Shekaru sun ja." Masu faɗin haka ba ƙarya suke yi ba, sai dai yawancinsu ba su taɓa auna maganar ba.

Ɗauki takarda ka raba ta gida biyu. A dama rubuta abin da ba ya hannunka: farashin dala, wutar lantarki, surutun dangi. A hagu rubuta abin da za ka iya yi kafin Juma'a ba tare da jiran kowa ba. Na dama ka bar wa Allah, na hagu ka tashi a kai. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Daga nan mayar da ƙorafin lissafi. Jarin nawa ne ba ka da shi? Shiga Kantin Kwari, kasuwar atamfa ta Kano, tambayi shaguna uku farashin turmin atamfa mai yadi 6, na sari da na ɗai-ɗai, ka rubuta. Nemi izinin mai shago ka ɗauki hoton kala biyar, ka ɗora a WhatsApp da ribarka, har da kuɗin adaidaita sahu a ciki. Sai mai saye ya turo kuɗi sannan ka je ka ɗauko. A nan ake yawan tuntuɓe: mutum ya karɓi kuɗi, ya je ya tarar kalar ta ƙare. Kira mai shagon ka tabbatar kayan na nan kafin ka ba da lambar asusu.

In sana'ar hannu kake so, kamar gyaran waya a Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, kada ka tunkari maigida ciniki na tsaka da zafi. Jira ya samu sarari, ka tambaye shi sharaɗin koyo da tsawon lokaci. In ya ƙi, mutum ɗaya ne ya ƙi. Sai ka tambayi goma kafin ka yanke hukunci, domin mai tsoro da ƙin farko yake kafa hujja.

Abu biyu ke kashe wannan yunƙuri. Na farko babban buri marar rana: "zan buɗe shago" ba aiki ba ne, "Talata bayan Azahar zan shiga Kwari" shi ne aiki. Na biyu, wanda ya fi ciwo, haɗa uwar kuɗi da kuɗin cefane da kuma ba 'yan'uwa bashi don kunya. Jari ya narke, mutum ya ce dama shi ba shi da sa'a, alhali rashin rubutu ne.

Sayi ƙaramin littafi. Kowane dare bayan Isha rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da aiki ɗaya na gobe tare da lokacinsa. Bayan mako huɗu ɗauko takardar farko, ka soke duk maganar da littafin ya ƙaryata.