Zuwa Tsoffin Ramukan Kuza da Kare

An fara haƙar kuza gadan-gadan a tudun Jos tun farkon ƙarni na 20. Da farashinta ya faɗi a 1985, sai aka bar ramuka da tafkuna birjik a Bukuru, Rayfield da Barkin Ladi. Wuraren suna da kyan gani, amma karen da aka saki a can ya fi ubangijinsa shiga haɗari.

Ka tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da damina ciyawa tana rufe bakin rami, ƙasa kuma ta jiƙe tana zaftarewa. Ka fita da sassafe, ka juyo kafin rana ta take, domin kare ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Ka fara gaida mai unguwa, ka tambayi lafiyar hanya, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora. A gida ma a san inda ka nufa da lokacin dawowarka.

Igiyar kare ita ce komai. Kada ta wuce mita 2, kuma a ɗaura ta a ɗamarar ƙirji, ba a wuya ba: idan ƙafarsa ta zame a bakin rami, ta wuya za ta shaƙe shi ko ta suɓuce. Mafi muni su ne ramukan loto, ƙananan rijiyoyin da masu haƙa da hannu suka bari. Bakinsu matsattse ne, ba shinge, kare mai bin ƙanshin gafiya kuwa ba ya duban gabansa. Idan ya faɗa, kada ka bi shi. Iskar ƙasan rami tana iya sumar da mutum ba tare da ya ji wari ba, gefen ramin kuma yana iya ruftawa. Ka kira mutanen gari masu igiya da sanin wurin.

Kare mai kilo 20 yana shan kusan lita 1 a ranar da yake zaune. Don tafiya ka ɗaukar masa lita 2 da kwanonsa, ka ba shi kaɗan-kaɗan duk rabin awa. Kada ya sha daga tafki, kada ya shiga. Gaɓar a tsaye take, yumɓu ne mai santsi, yana iya shiga ya kasa fitowa. Ruwan da ya yi kore kuwa yana iya ɗauke da guba mai kashewa cikin awoyi. Tsibin baƙin yashin da aka wanke kuza aka bari yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, don haka ka hana shi tono ko birgima a kai.

In ya fara haki mai tsanani, yawu na dalala, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa, ka jiƙa masa ciki da tafin ƙafa. In kasa ko kububuwa ta sare shi, ba tsaga, ba ɗauri. Ka ɗauke shi, kada ya taka, sai wajen likitan dabbobi.

Ka ja shi kusa idan kun haɗu da garken shanu. Allurar haukan kare ta zama an yi ta kafin tafiya. Da kun dawo ka duba kunnuwa, hammata da tsakanin yatsu, ka cire kaska da hantsaki daga tushe, ka wanke masa ƙafafu kafin ya lashe.