Yadda ake buɗe hancin da ya toshe ba tare da an zama bawan maganin ɗigawa ba

Mutane da yawa suna zaton majina ce ke cika hanci idan ya toshe, shi ya sa za ka ga mutum yana ta fyacewa har hancin ya yi ja, amma babu abin da ya fito. Galibi kumburi ne. Naman cikin hanci cike yake da ƙananan jijiyoyin jini. Idan mura ta kama, ko ƙurar hunturu, hayaƙin itace, turaren wuta ko maganin sauro na kunnawa ya taɓa shi, sai jijiyoyin su buɗe, naman ya kumbura, hanyar iska ta matse. Daga nan sai numfashi ta baki, bushewar maƙogwaro da safe, minshari, kunne ya yi dum, abinci ya rasa ɗanɗano.

Mataki na farko: gane irin toshewar

Idan akwai ciwon jiki, ɗan zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, mura ce, kuma takan wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Idan atishawa ce a jere, ido na ƙaiƙayi, majina tsararo kamar ruwa, kuma abin yakan tashi lokacin shara ko hazo, jikinka ne ba ya jituwa da ƙura ko makamancinta. Mai ciki ma hancinta kan toshe ba tare da mura ba. Kada ganin koriyar majina ya sa ka ruga kemis sayen amoxicillin. Mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, wannan magani ba ya taɓa ta, kuma majinar mura kan yi kauri ta sauya launi da kanta.

Mataki na biyu: haɗa ruwan gishiri na wanke hanci

Ka samu ruwa rabin lita, wato gwargwadon leda ɗaya ta fiya wata. Ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafasa, ko da na leda ne, ballantana na rijiya ko famfo. Ruwan da ciki zai iya ɗauka ba lallai hanci ya ɗauka ba. Akwai ƙwayar halitta mai suna Naegleria fowleri da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, tana iya bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake samunta ba, amma wanda ta kama da wuya ya tashi.

Ka zuba gishiri ɗan ƙasa da cokalin shayi ɗaya a shafe, ba tuli ba. Abin da ake nema shi ne kusan giram 9 a lita, daidai da gishirin ruwan jiki. Idan ya yi yawa zai yi zafi, idan kuma babu gishirin sam shi ma zai yi zafi. Ana iya ƙara ɗan bekin soda, rabin cokalin shayi, don ya rage yaji. Kada a musanya shi da kanwa, ba abu ɗaya ba ne. A bar ruwan ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi a bayan hannu. Abin da ya kwana a zubar, gishiri ba tsada gare shi ba. Wanda ba ya son wahalar tafasa ruwa ya sayi ruwan gishirin asibiti da aka rubuta 0.9% a jikinsa.

Mataki na uku: wanke hancin

A nan ne yawancin masu farawa ke yin sau ɗaya su rantse ba za su sake ba. Ka sayi sirinji mai mil 20, ka cire allurar ka jefar. Ka tsaya gaban baho ko kwatami, ka sunkuya sosai har ka riƙa kallon ƙasa, sannan ka ɗan karkata kai gefe guda. Buɗe baki, ka ci gaba da numfashi ta bakin. Sa bakin sirinjin a ƙofar hancin da ke sama, ka nufi ƙeya da shi, ka matsa a hankali. Ruwan zai zagaya ya fito ta ɗaya ƙofar.

Kuskure uku ne ke ɓata wannan aiki. Na farko shaƙa. Hannu ya saba da alwala, da ruwa ya taɓa hanci sai mutum ya ja shi sama. A nan ba a ja, sirinji ne ke turawa. Wanda ya shaƙa zai ji ruwan ya soki tsakiyar kansa. Na biyu ɗaga kai sama, wanda ke sa ruwan ya gangara maƙogwaro ya sarƙe mutum. Na uku nufar rufin hanci ko matsawa da ƙarfi, shi ke jefa ruwa cikin kunne. Idan ƙofa ɗaya ta toshe gam har ruwa ba ya wucewa, kada ka tilasta, ka bari ya shiga ya dawo ta inda ya shiga.

Sirinji huɗu zuwa biyar a kowace ƙofa ya isa, safe da dare. Bayan an gama a fyace a hankali, ƙofa ɗaya bayan ɗaya, baki a buɗe. Gara a yi na dare awa guda kafin kwanciya, don sauran ruwan ya gama fitowa. A wanke sirinjin a shanya, kuma kowa da nasa. Mai ciwon kunne ko wanda hancinsa ke haɓo ya dakata tukuna.

Mataki na huɗu: magani, idan wankin bai wadatar ba

Maganin ɗigawa mai xylometazoline ko oxymetazoline, irin su Otrivin, yana buɗe hanci cikin 'yan mintuna saboda yana matse jijiyoyin. Kwana uku, a ajiye shi. Wanda ya zarce, da maganin ya sake shi hancin zai kumbura fiye da da, sai ya ƙara ɗigawa, har ya kai ba ya iya barci sai kwalbar na ƙarƙashin matashi. Wanda ya riga ya faɗa wannan rami ya fara dainawa a ƙofa ɗaya, ya jure mako ɗaya ko biyu, sannan ya daina a ɗayar.

Mai atishawar ƙura ya sha cetirizine ko loratadine, miligiram 10 sau ɗaya a rana ga babba. Piriton ya fi araha amma yana sa barci, bai dace da direba ko mai tuƙa adaidaita ba. Maganin feshi irin fluticasone ya fi su aiki a kan toshewa, sai dai yana ɗaukar kwanaki kafin a ji shi, kuma ana fesa shi ne wajen gefen kunne, ba kan bangon tsakiyar hanci ba. Mai hawan jini ya guji maganin mura mai pseudoephedrine.

Jarirai ba a yi musu wankin sirinji. Ɗigo biyu na ruwan gishiri a kowace ƙofa kafin shayarwa ya isa. Ba a sa musu Robb, man zafi ko wani mai a cikin hanci, surace da tafasasshen ruwa kuma ƙuna ya fi jawo wa yara.

A tafi asibiti idan an wuce kwana 10 ba sauƙi, ko an ji sauƙi sannan ciwo ya dawo da zazzaɓi da ciwon fuska, ko gefen ido ya kumbura. Haka jaririn da ya kasa kama nono ko numfashinsa ke sauri. Yaron da ƙofa ɗaya kawai ke fitar da majina mai wari, a yi zargin ya cusa gyaɗa ko dutsen ado, kada a ƙwaƙule da tsinke. Babban da ƙofa ɗaya ta daɗe a toshe tana fitar da jini ya nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro.