Yadda za ka gane kimar da ƙaramar hukuma ta ɗora wa gidanka ko gonarka

Duk wanda aka kawo wa takardar neman harajin gida a Katsina ko Daura, abu na farko da ya kamata ya bincika shi ne matsayin da doka ta ba wurin da filinsa yake, domin daga nan ne ake sanin wanda ke da ikon karɓar kuɗin da kuma hanyar da za a bi wajen ƙiyasta shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun gwamna, sannan ta raba ta gida biyu: wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni suna ƙarƙashin kulawarsa, sauran kuwa suna hannun ƙananan hukumomi, waɗanda ke da ikon ba mutum izinin mallaka irin na gargajiya. Ikon nan yana da iyaka, domin ƙaramar hukuma ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da amincewar gwamna.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Birnin Katsina ya daɗe da ƙetare ganuwa, gine-gine sun miƙa har cikin yankin Batagarawa, musamman ta hanyar Dutsin-Ma inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa take, kuma gonar da kakanka ya noma gero a cikinta ƙila yau an yanka ta fuloti-fuloti. Ganin ido ba ya raba wannan gardama. Ka je ofishin kula da filaye na jiha, ko sashen filaye na ƙaramar hukumarka, ka tambaya ko wurin ya shiga cikin iyakar da aka ayyana.

Bayan haka sai ka bambance kuɗaɗen da ake nema, domin ba iri ɗaya ba ne. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara da mai takardar shaidar mallaka ta gwamna ke biya na jiha ne. Harajin gidaje kuwa, tsarin mulkin 1999 ya sanya kimanta gidajen jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma Majalisar Dokokin Jiha ce ke tsara abin da za a karɓa. Dattawa sukan haɗa shi da harajin kai da jangalin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, alhali wancan a kan mutum da dabbarsa yake, wannan kuwa a kan gini.

Hanyar da masu kimanta kadara suka fi bi a cikin gari ita ce duba kuɗin hayar da gidan zai iya kawowa a shekara, ko da mai shi ne ke zaune a ciki. Sukan kwatanta shi da makamantansa a unguwa ɗaya, su duba yawan ɗakuna, ginin bulo ne ko na ƙasa, rufin kwano ne ko soro, akwai kwalta da ruwan famfo da wutar lantarki ko babu. Shi ya sa shago a bakin titin Ƙofar Ƙaura ba zai zo daidai da gida mai girmansa a cikin lungu ba. Misali kawai, a ce hayar gida naira 600,000 ce, a cire naira 100,000 na gyare-gyare, idan abin da aka tsara kashi 5 cikin 100 ne, to naira 25,000 za a nema. Ginin da ba a saba ba da shi haya ba, kamar masana'anta, akan ƙiyasta abin da gina irinsa zai ci a yau, a rage tsufansa, a ƙara kimar filin. Otal da gidan mai kuma akan duba cinikinsu.

A karkara lamarin ya fi wuya, domin cinikin gona yakan ƙare ne a gaban mai unguwa da shaidu, ba tare da rubutun da mai kimantawa zai dogara da shi ba. Abin da ke ɗaga kimar gona shi ne amfaninta: fadamar da ke kusa da madatsar ruwa irin ta Jibiya ko Zobe, wadda ake nomawa rani da damina, ta fi jigawar da ke jiran ruwan sama, haka nan kusanci da hanya da kasuwa. A ganina, bai dace a yi wa gonar da har yanzu ake nomawa kimar fuloti ba don kawai gari ya matso kusa da ita.

Kafin jami'in ya zo, ka tanadi takardar ciniki ko ta rabon gado, da taswirar filin idan akwai, da yarjejeniyar haya, da rasit na biyan da ka yi a baya. Idan kimar ta yi maka yawa, ka rubuta ƙorafi zuwa ofishin da ya aiko takardar tun kafin wa'adin da ke jikinta ya cika, ka ambaci gidajen maƙwabta masu kama da naka, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Wanda kadararsa ke da yawa zai iya ɗaukar mai kimanta kadara mai rajista ya yi masa nasa lissafin. Lokacin biya kuma ka biya ta banki ko asusun da hukuma ta bayyana, ka tabbatar sunanka da adireshin gidan da shekarar da ka biya wa suna jikin rasit ɗin.